Tsinkayen Inna Uwani

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
14 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Abdulmalik,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma an yi salla lafiya, in a Japan ma ana sanin an yi. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai gwiwata ta hagu da ke tuna min shekaruna duk sanda zan hau Adaidaita. Gwaggonka Asabe tana gaishe ka daga Hotoro.

Za ka yi mamakin ganin takardata, tunda zumuncinmu sai an zauna ake warware shi: mahaifina da kakanka ɗan wa da ɗan ƙani ne. Kakarka Inna Uwani ce sila. Kunnenta ya yi nauyi, ta ce waya ba ta kawo mata komai sai ƙara, kuma ita maganar da ba za ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi ba, ba ta ɗauke ta magana ba. Shi ne aka naɗa ni magatakarda, don ni ne malamin makaranta a dangi, an kuma ɗauka malami ba shi da abin yi bayan azahar. Zan rubuta da hannu, in ɗauki hoto in turo maka. Kai kuma ka turo taka, in kai shagon kwafi a fitar, in je Unguwar Gano in karanta mata.

Wani maƙwabci ne ya ce mata ya ji a rediyo ƙasa ta girgiza a wajenku. Kwana biyu tana juya tuwo a kwano ba ta ci. Ta ce in tambayi maigidanta, kamar yadda take kiranka, me ya kai shi ƙasar da ba ta iya zama waje ɗaya, kuma wane irin aiki ne wannan da shekara huɗu bai ƙare ba.

Ni ma ina son jin amsar. Shekara ashirin da uku ina koyar da labarin ƙasa, ina zana dutse mai aman wuta da alli, hayaƙi yana tashi kamar murhun mai ƙosai, ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba.

Baffanka,
Inuwa

*

Sendai, Japan
17 ga Afrilu

Baffa Inuwa,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin takardarka ƙwarai. Ina lafiya, Allah Ya ƙara wa gwiwa sauƙi. A gaishe min da Gwaggo. A gaya wa amaryata girgizar ƙarama ce, ko shayin da ke gabana bai zube ba.

Ga aikin. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, faya-fayai ne manya da ke tafiya a hankali. A gabas da mu, faifan da ke ƙarƙashin teku yana nutsewa ƙarƙashin wanda muke zaune a kai, a shekara kamar faɗin yatsu huɗu ko biyar. Wani lokaci ya maƙale, shekaru su wuce, sai ya suɓuce gaba ɗaya. Girgizar ke nan. Yana nutsewa ɗauke da ruwan teku a jikin duwatsunsa. In ya kai zurfin kilomita ɗari ko kusa, zafi da nauyi su matse ruwan ya fita, ya shiga dutsen da ke samansa. Dutse mai zafi in ya sha ruwa yana saurin narkewa, kamar yadda kanwa ke sa wake ya nuna da wuri. Narkakken ya taso, wani ya fito ta bakin dutse mai aman wuta, mafi yawa ya daskare a hanya ya ƙara wa ɓawon ƙasa kauri.

Ba wanda ya taɓa zuwa can ya gani. Abin da nake yi shi ne kwaikwayon wannan a kwamfuta. In zuba mata lambobi, ta kwana tara tana lissafi, ta nuna min inda ruwan zai fita. In na sauya lamba ɗaya da ba mu da tabbas a kanta, sai ta ba ni wata amsa. Wataƙila in gama baɗi.

Inna ta kwantar da hankalinta, ni ne ma nake kishinku. Dutsen da ke ƙarƙashin Kano ana kyautata zaton irin wannan karon faya-fayai ne ya haifar da shi, amma ya huce tun fiye da shekara miliyan ɗari biyar. Ƙasarku ta gama motsinta. Ku yi barcinku.

Ɗanka,
Abdulmalik

*

Gyaɗi-Gyaɗi
5 ga Mayu

Ɗana Abdulmalik,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, an fara ganin hadari ta gabas amma har yanzu alkawari yake yi. Zancen kanwa da wake na ɗauka na kai aji, kuma ban ce na wani ba ne. Ka yafe.

Na yi ɓarna, kuma da taimakonka na yi ta. Layinka na ƙarshe ya burge ni, sai na karanta shi da irin muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa ranar hutu, har na maimaita: ƙasarku ta gama motsinta, ku yi barcinku. Abin da ban gaya maka ba a takardar farko, don ban ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne bangon ɗakin Inna na gabas ya tsage. Ka san ginin, na ƙasa ne da kakanka ya yi, aka shafe shi da siminti daga baya. Tsagar ta taso daga ƙasa ta bi ta bayan gadonta. Tanko magini ya zo ya ƙwanƙwasa, ya zaga baya, ya ga lambatun da sabon benen maƙwabta ya karkato yana kwanciya a gindin bangon. Ya ce a fitar da ita kafin ruwa ya sauka sosai. Asabe ta share mata ɗaki a Hotoro, har an kusa shawo kanta.

Sai ga takardarka. Yanzu duk wanda ya tayar da zancen, sai ta ɗaga matashi ta nuna masa. Ta ce da Tanko, “Kai firamare ka gama. Maigidana har Japan ya je ya karanta ƙasa, ya ce ba ta motsi.”

Na yi mata bayani cewa dutsen da kake nufi yana can ƙasa nesa, ita kuwa a kan laka take kwana. Ta ce ni ai karanta takarda aka ce in yi, ba a ce in yi mata tafsiri ba.

Ka rubuto ka ce ta tashi. Layi biyu sun isa.

Inuwa

*

Sendai
12 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na yi dariya, daga baya kuma na daina.

Ka gaya wa Inna maganata a kan girgizar ƙasa ce, ba a kan bango ba. Amma ba zan iya yanke hukunci a kan ginin da ban gani ba. Wata tsagar ta siminti ce kawai, tana shekara goma a yadda take. Wata kuma tana tafiya. Wataƙila Tanko yana da gaskiya, wataƙila kuma abin bai kai haka ba. Hanyar ganewa ita ce awo: a zaɓi waje ɗaya a jikin tsagar, a sa alama, a riƙa auna faɗinta duk mako. In tana ƙaruwa, sai a tashi ba jayayya.

Ranar ashirin ga wata zan shiga jirgin ruwa na bincike, mako goma. Za mu ɗauko na'urorin da aka ajiye a ƙasan teku suna sauraren motsin faifan. Da abin da suka ji zan gwada ko kwamfutata gaskiya take faɗa. An ce sadarwa a jirgin ba ta da ƙarfi, amma ku ci gaba da turowa, zan riƙa dubawa.

Abdulmalik

*

Gyaɗi-Gyaɗi
9 ga Yuni

Ɗana Abdulmalik,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan teku tana yi maka adalci, kuma kana samun abin da za ka ci wanda ba ɗanye ba. Mu nan kowa lafiya. Inna lafiya, tana gaishe ka. Asabe da yaranta lafiya. Gwiwa na nan yadda ka san ta. An yi ruwa sau uku, gari ya yi sanyi, titinmu ya koma tafki kamar kowace shekara.

Na roƙi layi biyu, ka aiko min da wataƙila biyu. Na karanta mata kamar yadda ka rubuta, ban ƙara ko gishiri ba, don na horu. Da na zo wajen awo sai ta gyara zama. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce to, maigidanta ya ba ta aiki.

Ka san abin da take yi? Ta shata alama da gawayi a jikin tsagar, daidai kan gadonta. Duk Juma'a, in an tafi masallaci gida ya yi shiru, sai ta zaro tsinken tsintsiya ta karya shi daidai faɗin tsagar, ta ɗinke shi a jikin wani farin ƙyalle kusa da na makon jiya. Yanzu huɗu ne. Na farko bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na huɗu ya fi ƙwayar wake.

Na ce mata ga shi yana ƙaruwa, kai ma ka ce in yana ƙaruwa a tashi. Ta ce mai aikin ne zai duba ya faɗa, ba ɗan aike ba. Asabe ta ce ta koma Hotoro, duk Juma'a a kawo ta ta yi awonta. Ta ce wanda aka ba wa gadi ba ya kwana a wata unguwa.

Rabon da in ga idonta da haske haka tun rasuwar mahaifinka. Shekara goma ana kawo mata abinci, ana gaishe ta, ana tafiya, ba wanda ya ce ta yi masa wani abu. Ga hoton ƙyallen a shafi na biyu. Ka duba ka yi magana.

Inuwa

*

Gyaɗi-Gyaɗi
7 ga Yuli

Abdulmalik,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya, an yi babbar salla lafiya, Inna ta ajiye maka kasonka na soyayyen nama a gwangwani, ta ce ba ya lalacewa. Kowa yana gaishe ka.

Wata guda ba amsa. Waya tana nuna min takardata ta isa, har ka buɗe. Na ce wa Inna teku ce. A raina kuwa na faɗi wasu abubuwa game da yaran da suka yi karatu mai zurfi, waɗanda ba zan rubuta ba, don ni ma na taɓa zama irinsu a ƙaramin mataki.

Zan gaya maka abin kunya. Ranar Laraba na je shagon kwafi na sa aka buga takarda da sunanka. Na rubuta cewa ka duba awon, bangon zai faɗi, ta tashi yau. Na je na karanta mata da natsuwa. Ta saurara har ƙarshe tana ɓare goro, sannan ta ce, “Inuwa, ina wataƙilar?”

Na ce wace wataƙila. Ta ce maigidanta tun yana ƙarami ko tambayarsa aka yi ya ƙoshi sai ya ce wataƙila. Wannan mai ba da umarni kamar hedimasta, ta san ko wane ne. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo min takardar ta ce in kai wa mai ƙosai ya naɗe kaya. Shekarata hamsin da huɗu, na fito daga ɗakin kamar ɗan aji ɗaya da aka kama da satar amsa.

Tsinkaye takwas ne yanzu. Tanko ya kafa wa bangon itace biyu ta waje, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, kuma kada a kira sunansa in abu ya faru. Mun roƙi masu benen su juya lambatunsu, sun ce to, kamar yadda ake cewa to. Mun matsar da gadon, washegari muka tarar ta sa an mayar, wai ba ta ganin alamar da kyau daga can. Asabe ta ce a ɗauke ta da ƙarfi. Na ce wa zai fara kama hannunta? A nan maganar ta tsaya.

Ranar Alhamis ina koyar da darasin faifan da ke maƙalewa shekaru sannan ya suɓuce lokaci ɗaya, sai na tsaya da alli a hannu har yara suka fara dariya. Na gaji, Abdulmalik.

Inuwa

*

27 ga Yuli

Abdulmalik. Ba gaisuwa, ba hoto, da yatsa nake buga wannan. Kakarka tana kwana a gindin bangon da hannuna ke shiga cikin tsagarsa. Na auna tsinkayenta da rular makaranta, ga su a milimita: 4, 5, 7, 9, 10, 13, 16, 20, 26, 33, 44. Ba za ta tashi ba sai kai ka ce aikin ya ƙare. Ka ce.

*

A cikin jirgi
28 ga Yuli

Baffa,

Ka yafe min. Ban san da abin da zan fara ba, bari in fara da gaskiya. A jirgin nan hoto ba ya buɗewa duka. Yakan fara daga sama, ya sauko kaɗan, ya tsaya. Takardunka biyu na buɗe su, abin da ya fito shi ne gaisuwa: kowa lafiya, Inna lafiya, an yi salla lafiya. Sai na ce alhamdu lillahi, sauran na karanta in mun sauka. Na san sarai a takardar gida magana tana ƙasa, ba a sama ba. Na sani, amma na ga abin da nake son gani na koma kan aikina. Saƙonka na jiya ne ya shigo gaba ɗaya. Na roƙi shugaban tafiyar ya ba ni layin da ake tura bayanan bincike, na buɗe sauran, na ga ƙyallen.

Mako goma muna jawo na'urori daga ƙasan teku, uku ba su taso ba, abin da sauran suka ji kuma zai ɗauke ni shekara kafin in ce wataƙila. Lambobin Inna ko minti ɗaya ba su ɗauke ni ba. Tsagar ba ƙaruwa kawai take ba, saurin ƙaruwar ma ƙaruwa yake. Tanko ya faɗi wannan tun watan Mayu ba tare da tsinke ko ɗaya ba, ni na sa aka tsaya jira. A ba shi haƙuri.

Shafi na biyu da hannuna na rubuta. A fitar da shi yau, a ba ta ta riƙe kafin ka karanta.

Amaryata Inna,

Maigidanki ne. Na ga aikinki, tsinke goma sha ɗaya, ba ki tsallake Juma'a ko ɗaya ba. A inda nake ma ba kowa ke awo da kyau haka ba. Aikin ya ƙare, kuma ya ba da amsa: bangon yana tafiya. Wannan karon babu wataƙila.

Kin tuna ranar da maciji ya shigo ɗakin nan ina ɗan shekara biyar, ina cin ɗumame a bayan ƙofa? Ba ki tsaya auna shi ba. Kika suro ni da kwanon da komai, kika dire ni a tsakar gida, na yi ta kuka don miyata ta zube. Yau ni ne na suro ki. Ki ɗauki ƙyallen ki tafi gidan Gwaggo kafin magariba. Ki adana min shi, hannu da hannu nake so ki ba ni.

Abdulmalik

*

Gyaɗi-Gyaɗi
4 ga Agusta

Ɗana Abdulmalik,

Assalamu alaikum. Bangon ya faɗi, Inna tana Hotoro lafiya. Na sa wannan a sama saboda jirginku. Yanzu sai gaisuwa: ina fatan ka sauka lafiya, kowa yana gaishe ka, gwiwa ta gode da tambayar da ba ka yi ba.

Ranar Litinin na kai mata. Ta riƙe takardar ta juya ta, ta kai ta kusa da ido, ta ce wannan karkataccen rubutun ta san shi. Na karanta. Da na zo wajen maciji sai ta ce ƙarya kake, ba ɗumame ba ne, fate ne. Na ci gaba har na gama. Ta ɗan zauna tana kallon alamar gawayin, sannan ta ce a miƙo mata mayafinta. Abin da mutum biyar suka kasa a wata uku. A Adaidaita ƙyallen yana ƙulle a bakin zaninta, gwangwanin namanka yana kan cinyarta.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi. Maƙwabta suka ce ba su ji wata ƙara mai yawa ba, kamar an sauke buhu. Da na je na tarar rabin bangon a kan gadon, ƙafafunsa na ƙarfe sun lanƙwashe. Tanko ya tona gindin da hannu ya ɗebo laka ya nuna min. Na isar masa da haƙurinka. Ya ce a gaya wa Dakta ba komai, kowa da irin karatunsa. Na daɗe a tsaye a wajen, har aka kira magariba.

Da na gaya wa Inna, na zaci za ta yi hamdala ta yi kuka. Ta yi hamdala. Sannan ta ce da bangon ya yi haƙurin kwana ɗaya, da an kawo ta ta samu na sha biyu.

A Hotoro ana kula da ita sosai. Ɗakin na bulo ne, da fanka, ba tsaga ko ɗaya, ta bi bangon da hannu ta duba. Ana kawo mata abinci, ana gaishe ta, ana tafiya. Shekaranjiya Juma'a, da gida ya yi shiru, Asabe ta leƙa ta same ta zaune da tsintsiya a hannu.

Ni buƙatata ƙarama ce. In ka huta, ka ɗauko min hoton dutse mai aman wuta na gaske, kana tsaye a gabansa, in nuna wa 'yan aji kafin in yi ritaya. Tata ce babba, kuma na yi alkawarin rubuta ta yadda ta faɗa. Ta ce in tambayi maigidanta: yanzu me za ta auna?

Ka yi tunani da kyau kafin ka amsa, kuma ka sa amsar a layin farko.

Baffanka,
Inuwa